Fentin Tata Velile

Duk ranar da ƙungiyar ƙasa za ta yi wasa, Tata Velile, wato Baba Velile a harshensu, yakan ɗauki gwangwanin fenti da buroshi ya gangara filin zari-ruga na ƙauyensu. Mutane na haurawa zauren coci inda aka kafa talabijin, shi kuma yana gangarawa, a haɗu a hanya a gaisa, kowa ya wuce. Can zai kori shanun da ke kiwo a tsakiyar fili, ya jingina tsaninsa, ya hau shafa wa dogayen sandunan da ake buga ƙwallo ta tsakaninsu baƙi da fari, launin Hankaki, ƙungiyar ƙauyen. A duk ƙauyukan da ke bayan garin Dikeni babu sandunan da suka sha fenti kamar waɗannan. Har akan ce ko gara ta cinye itacen, fentin kaɗai zai tsaya.

Kowa ya san dalilin da ya sa ba ya zuwa kallo, shi ya sa ba a tambaya.

Velile yana da ƙane, Thozamile. A zamanin da suke wa Hankaki wasa, Velile yana cikin ƙartin gaba masu tureniya, kunnuwansa har yau a murɗe suke. Thozamile kuwa siriri ne, shi ke raba ƙwallo, shi ke gudu. Tsofaffin da suka gan shi ba sa yawan bayani, sai dai su girgiza kai. Shi ne kuma mai ɗaga waƙar shiga fili, wadda in ya fara mata da maza suke amsawa daga bakin layi. Amma a lokacin koriyar rigar ƙungiyar ƙasa ta Turawa ce kawai. Thozamile ya gaji da jira, ya tafi aikin haƙar zinariya, ya dawo da tarin da ya yi ajalinsa. A bakin kabarinsa Velile ya yi alkawari: muddin yana numfashi, ba zai kalli koriyar rigar nan ba, balle ya tafa mata.

Zamani ya juya. Aka buɗe ƙofa, 'ya'yan ƙauyuka irin nasu suka fara sa rigar, har aka ciwo Kofin Duniya da su. Velile bai juya ba.

Abokinsa Gcinile, wanda ya yi masa tsaron baya a fili tun suna samari, shi ke kawo masa labari ko bai tambaya ba. Yakan tsaya a gindin tsani, ya kira shi da sunan zuri'arsa.

"Jola! Sauko ka ga maza, ka bar sandar nan ta huta."

"Waɗanne maza? Waɗanda ake canzawa kamar tayar mota? Na ji an ce ƙarti ake jerawa a benci, in na farko sun gaji a sako sababbi. Mu wa ya canza mu? Haƙarƙarina biyu suka karye, na gama wasa."

"Ka gama wasa kana kuka, ina wurin."

"Gumi ne. Kai da kake can baya kana kallon 'yan mata, ina ka ga fuskata?"

"To wa ya ba ka labarin benci, tunda ba ka kallo?"

Sai Velile ya tsoma buroshi a gwangwani, ya yi kamar bai ji ba.

Gaskiyar magana, daga kan tsani ana jin komai. Ya san ihun da ake yi in an dangwala ƙwallo a bayan layi, ya san shirun da ke biyo baya in alƙalin wasa ya tsayar da komai ya koma duba hoto. Wannan shirun shi ya fi ba shi haushi. A ganinsa wasa ya lalace: a buga ƙwallo sama, a bi, a tsaya, a jira na'ura ta yi hukunci. Ga fili kuma ya zama na shanu, don duk yaron da ya nuna ƙafa sai makarantun birni su ɗauke shi. Hankaki ba sa cika 'yan wasa sha biyar sai lokacin bikin Ista, in 'yan ci-rani sun dawo gida. Amma yana jin ihun, kuma wani lokaci buroshin kan tsaya a hannunsa.

Shekarar da ƙasar ta je kare kofinta, ranar wasan kusa da ƙarshe, yana kan tsani sai ya ji abin da bai taɓa ji daga zauren coci ba. Waƙar Thozamile ce. An ce 'yan kallo ne a can filin wasan suka ɗaga ta, ta fito ta talabijin, mutanen zaure suka karɓe. Waƙar tsohuwa ce, ta yawo ƙauye-ƙauye tun kafin a haife su, amma a kunnen Velile ta mutum ɗaya ce.

Ya sauko bai wanke buroshi ba. Ya shiga gida ya tarar da matarsa Nosandile tana juya dakakkiyar masara da wake.

"Sun hana shi riga, yanzu kuma sun ɗauke masa waƙa."

Ta zuba masa abinci, ta ajiye a gabansa. Ita ce ta wanke rigunan Hankaki tun tana amarya, ta san wanda ke yage tasa da wanda ke ninkewa.

"Tata, in tambaye ka?"

"Ko na ce a'a za ki tambaya."

"Da a ce ranar nan sun miƙo wa Thozamile koriyar rigar, da ya ce ba ya so?"

Ya sa cokali a kwanon, ya ɗanɗana.

"Wake bai dahu ba," in ji shi.

"Ya dahu. Haƙoranka ne suka ƙare."

Washegari da safe, kafin a saki shanu, ta hango shi tsaye a cikin garke, hularsa a hannu. A al'adarsu a nan ake magana da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kuma alkawarin da aka yi wa mamaci ba a kwance shi sai an je an gaya masa. Ba ta ji abin da ya faɗa ba. Ta dai ga ya daɗe, ta ga ya yi nuni da hannu wajen coci, sannan wajen fili, kamar mai yi wa wani bayanin hanya. Har sau ɗaya ya yi dariya.

Daga nan gidan Gcinile ya nufa.

"Ragowar fentin da ka shafa wa ƙofarka yana nan?"

"Koren?"

"Kana da wata ƙofar ne?"

Gcinile ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar abokinsa, ya rufe. Ya shiga ya ɗauko gwangwanin.

"In riƙe maka tsani, Jola?"

"Kai da duk ƙwallon da ka riƙe sai ta faɗi? Zauna."

Bai ce zai shiga zauren coci ba. Abin da ya gaya wa Nosandile shi ne, sanduna biyun da ke ƙarshen fili ta wajen kogi za su zama kore kafin wasan ƙarshe, in ya gama kuma sai ya ga abin da ƙafarsa za ta yi. Kankare tsohon fentin ya ci masa lokaci, don abin da aka yi shekaru ana shafawa ba ya fita a yini guda. Ya gama sanda ɗaya tun daga ƙasa har ƙoli. Ya fara ta biyu ke nan hadari ya taso daga kan duwatsu. Maimakon ya tafi gida, sai ya tsaya yana rufe gwangwani, yana jan tsani zuwa gindin bishiya. Ya iso gida a jiƙe, sanyi ya kama masa ƙirji.

Ranar wasan ƙarshe yana kwance. Gcinile ya zo ya ce zai kawo amalanke a tura shi.

"A tura ni kamar buhun masara? Tafi ka kalla, ka dawo ka yi mini ƙarya yadda ka saba."

Da kowa ya tafi, ya ce wa Nosandile ta buɗe tagar da ke kallon coci. Ta ce iska za ta shigo. Ya ce ta buɗe. Ta zauna a bakin gado suna saurare tare, shi yana fassara mata: wannan ihun bugun sanda ne, wannan shirun na'urarsu ce. Can wajen ƙarshe, lokacin da zauren ya yi tsit har ana jin kukan tumaki, wani ya ɗaga waƙar nan. Nosandile ba ta dube shi ba. Ta dai ji wata murya a shaƙe kusa da ita tana amsawa, a daidai gurbin da ƙartin gaba suke amsawa a da.

Da ihun ƙarshe ya tashi, Velile ya rufe ido.

"In ƙasa ta bushe zan ƙarasa," in ji shi. "Kada ki bar Gcinile ya taɓa mini buroshi."

Ƙasa ta bushe bayan an binne shi kusa da Thozamile.

Da Ista ta zagayo, Hankaki suka cika, suka shiga fili. Sandar farko ta wajen kogi koriya ce har sama. Ta biyu koriya ce zuwa inda hannun mutum ke kaiwa in yana tsaye a ƙasa, daga nan sai baƙi da fari. Samari sun ce za su ƙarasa. Gcinile ya ce buroshin yana wurin Nosandile, su je su tambaye ta. Ita kuma ta ce ba ta tuna inda ta ajiye shi ba.