Hansatu Mai Dilka Ta Kai Malam Mudi Yamai

Daga Damagaram aka kawo Hansatu Njamena tana amarya, farkon shekarun casa'in, aka kai ta unguwar Gardole, gidan Malam Mudi, tela mai shago a unguwar Bololo. Ko gaisuwa da Larabcin gari ba ta iya ba a lokacin. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Hajje Ashe, ita ta ja ta a jiki, ta koya mata yare, ta kuma koya mata haɗa turaren wuta da dilka, kwaɓin nan da ake murje jikin amarya da shi har ya yi sheƙi.

Sana'a ta karɓi hannun Hansatu. Ta gyara wata amarya a Kusuri, tsallaken gada cikin Kamaru, sai labari ya bi motocin kaya har Maiduguri. Daga nan Kano ta kira, Marwa ta kira. Kafin a ankara, Hansatu ta zama 'yar hanya, ga kuma yara uku a gida.

In tafiya ta taso, sai ta daka kuka da busasshiyar kuɓewa, ta soya nama, ta wanke wa yara kayan lakwal, wato na makaranta, sannan ta tsaya a kan mijinta tana jero masa gargaɗi.

"Maman Firdausi, je ki abinki," in ji shi. "Gida ai ba gudu zai yi ba."

Tuwonsa na farko gudaji ne zalla, yara suka ci suna ƙunshe dariya. Amma yau da gobe sai Allah. A hankali Malam Mudi ya gwanance har maƙwabta na aiko kwano a sam musu miyarsa ta karkashi. Ita kuwa Hansatu ta kafa wa kanta doka: ba ta fita da azumi, ba ta fita in yaro na jarrabawa. Wani attajirin Kano ya taɓa aiko mota sukutum, ta ce a ba shi haƙuri, babbar 'yarta Firdausi na da jarrabawa a makon.

Abu ɗaya ne Malam Mudi bai daina ba, wato zolaya.

"Ke dai kin more. Kina yawon duniya kina cin kaji, mu muna nan muna shan hayaƙin murhu."

Da aka kira ta wani biki a Yamai, lokacin Firdausi ta isa riƙe gida, sai ta ce, "To Malam, tashi mu je ka ci kajin nan."

Ya ɗinka sabuwar riga ya bi ta. Tun kafin su wuce Gambaru bayansa ya ƙage. Shinge bayan shinge, a sauka a hau, ga taya ta fashe a dokar daji. Hansatu kuwa ta san kowace mai shinkafa a tasha, ana ta yi mata oyoyo.

A Yamai, da sassafe take shiga ɗakin amarya, ta yini tana murza cikin hayaƙi, ta fito hannaye a kumbure. Shi kuma aka zaunar da shi a zaure cikin masu Zabarmanci, ba ya jin ko "zo in kashe ka". Da ta leƙo sai ya karɓi salularta ya kira gida.

"Firdausi, kun ba tunkiya ruwa? Ƙanenki Junaid ya yi wanka? Kar ki cika kanwa a miya, kin ji ko?"

"Baba, ai ɗazu ka tambaya!"

Allah ya kawo masa mafita ana gobe ɗaurin aure, da babbar rigar uban amarya ta zo wuya a karkace. Malam Mudi ya ce a nemo masa keken ɗinki. Ya farke, ya gyara, ya ƙara mata aiki a aljihu. Uban amarya ya rungume shi, aka kawo masa kaza guda shi kaɗai. Ya ci, ya dubi hannayen matarsa, ya tura mata cinyoyin duka biyu.

Da suka hau gadar shiga Njamena ya sauke ajiyar zuciya.

"Malam, wata mai zuwa akwai Marwa," in ji Hansatu. "In kama mana wuri biyu?"

"Kalas! Na ga duniya, ta ishe ni. A gaishe su."

Firdausi ce ta gaji kujerar tasa a mota, ta riƙa bin uwarta lokacin hutu. Daga baya suka gina gidansu a Gasi, can bayan gari, har da ɗakin turare na musamman. Kullum Malam Mudi zai shiga bas zuwa Bololo, in ya dawo da yamma ya zube a tabarma yana cewa a yi masa sannu da hanya, shi ma daga ƙasar waje yake.