Ranar da Na Ajiye Ciwon Suga a Ƙafa

A hutun da ya wuce Mama ta ce in na ƙara kwana ɗaya a gida zan rushe Unguwar Boro, sai ta haɗa ni da ƙanwarta, mai kula da laburaren wata makarantar koyon aikin nas a Mahuta.

Aikin Anti shi ne ta ba kowane littafi kan magana, wato abin da yake bayani a kai, ta shigar a kwamfuta. In ɗalibi ya buga "hawan jini", duk littattafan hawan jini su fito. Kafin ta zaɓa sai ta karanta jerin babi-babi, ta leƙa gabatarwa, ta duba wani kundin kalmomi mai nauyin buhun siminti. Kafin ta gama littafi ɗaya, an dafa wake an cinye.

Wata rana ta tafi taron ma'aikata, ta bar mini kwalin sababbin littattafai, ta ce in goge su kawai. Ni kuwa na gano hanya mai sauƙi, hoton bangon littafi. Mai ido na rubuta Ido a kwamfuta. Mai jariri, Jarirai. Mai ƙafa da ƙaton gyambo, Ƙafa. Na jera su a kantar littattafai, ina jiran yabo ya zo da kansa.

Bayan kwana biyu wata ɗaliba ta shigo tana haki.

"Madam, gobe zan yi bayanin ciwon suga a gaban aji. Malam ya ce sabon littafin ya iso, kwamfuta ta ce babu. Na faɗi kwas ɗin nan sau ɗaya, in na sake an kore ni."

Anti ta buga, babu. Idon ɗalibar ya ciko.

Na ce, "Sista, me ke cikinsa?"

"Har da yadda ake wanke gyambon ƙafar mai suga."

Na sulale kamar mage, na ɗauko shi.

Anti ta duba kwamfuta, ta dube ni. "Ƙafa? Ke, da an zana gado a bangon littafin haihuwa, wurin kafinta za ki kai shi?"

Ɗalibar ta rungume littafin tana dariya tana share hawaye.

Kwana uku muka yi muna gyara kwalin, ni ke karanta jerin babi-babi da ƙarfi. Ana cikin haka ɗalibar ta leƙo da ledar fanke, ta ce ta yi nasara, har malam ya tafa mata. Anti ta ɗauki biyu, ni na ji da sauran.