Yadda Na Jawo Wa Mahaifina Sunan Tela Mai Jaki

Assalamu alaikum Edita. Shekara biyu da suka wuce ina ɗan shekara goma sha biyar, ina aji biyu na sakandare a nan Dutsin-Ma, kuma a ganina duk ƙasar Katsina ba a taɓa haihuwar mai zane kamata ba. Hujjata guda ce: na taɓa zana malamin lissafinmu da gawayi a bango, aka gane shi nan take, aka zuba mini bulala goma sha biyu. Ni kuwa na riƙe bulalar nan a matsayin takardar shaida, domin da bai yi kama ba ai da ba a dake ni ba.

Mahaifina tela ne. Shekara da shekaru a zauren gidanmu yake ɗinki, kuma yawancin masu kawo masa aiki manoma ne daga Makera da Tamawa. Gab da azumi ya samu shago a bakin hanyar Kurfi, cikin jerin shaguna masu ƙofofi iri ɗaya. Sai ya shiga aika wa mutanensa cewa in sun taso da ɗinkin Sallah, su nemi shagon da ke da allo mai hoton keken ɗinki. Ya kira wani mai zanen alluna, Kirista ɗan kudu da ya daɗe a garin yana yi wa manyan motoci ado. Mutumin ya zo ko burushi bai riƙo ba. Ya tsallaka titi ya ƙare wa shagon kallo, ya dawo ya shiga tambayar Baba ko masu zuwa wurinsa suna karanta boko, ko a ƙasa suke zuwa ko a mota, kuma ta wace fuska rana ke dukan ƙofar da hantsi. Yana tafiya na ce wa Baba wannan ba mai zane ba ne, ɗan sandan ciki ne, kuma ga ni a gida kyauta, me ya kai mu biyan mai tambayar rana? Baba ya dube ni ya ce ba a ƙwace wa yaro garma, ya bar mini aikin.

Kwana uku na yi a kan allon nan. Na rubuta sunan Baba, da na kakana, da duk irin ɗinkin da aka taɓa yi tun zamanin da, daga babbar riga har aljihun wando, da addu'ar neman tsari daga mahassada, da sunana a ƙasa. Wurin ya ƙare, haruffan suka koma kamar tururuwa sun fito jana'iza. Na yi su da ruwan ɗorawa a kan fari, domin shi ne fentin da na samu da yawa. A tsakiya na zana keken: baƙi wuluk, da ƙafafu huɗu, da sanda biyu na zare a tsaye a kansa, da igiyar juyawa tana reto ta baya, sannan na shimfiɗa koren yadi a ƙarƙashin bakinsa. Abokaina suka kewaye ni suna rantsuwa da Allah cewa ko a Kaduna ba a samun irinsa, ɗaya ma ya ce keken kamar ya yi motsi. Ashe munafukin gaskiya ya faɗa. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce Allah ya yi albarka, aka kafa.

Azumi ya kai goma, shago shiru. A irin wannan lokacin a da, ko wurin zama ba a samu a zaurenmu saboda tarin yadi, amma a shekarar nan sai ƙudaje. Ran nan da hantsi ina shagon, sai ga wani dattijo daga Tamawa ya ɗaure jakinsa a ƙofa, ya yi sallama, ya ce wa Baba Malam a taimaka a duba masa, kwana uku ke nan dabbar ba ta cin abinci. Baba ya ce masa Alhaji ai nan ɗinki ake yi. Dattijon ya fusata, ya ce shi bai yi boko ba amma ba makaho ba ne, ya ja hannun Baba waje ya nuna masa allon, ya ce ga jaki nan da kunnuwansa da wutsiyarsa ya sunkuya yana cin ciyawa, in ba a maganin dabbobi don me za a yaudari talakawa? Na yi tsalle na ce Baba Alhaji keke ne. Ya ce yaro rufe mini baki, shekara hamsin yana kiwon jakuna, ya ma san wannan na allon mace ce. Jakin kuma, maras lafiyar ƙarya, ya ɗaga kai ya ga ɗan'uwansa ya saki kuka. Duk layin suka fito, har mai wankin hula ya faɗi ƙasa don dariya.

Daga baya muka ji abin da ya fi ciwo. Wani maigida daga Makera, wanda Baba ke ɗinka wa gidansa kaf tun kafin a haife ni, sau uku yana bin layin nan da ƙunshin yadi a kai yana neman hoton keke. Da ya gaji ya kai wa wani telan, kuma har yau bai dawo ba. Irinsa suna da yawa. Sallar bana, in ji Inna a lokacin, ta jaki ce, domin ko ni da tsohuwar riga na je idi.

Baba bai dake ni ba, da ma ya yi. Cewa ya yi in je da ƙafata in kira mai zanen. Na je ina jiran gori, sai mutumin ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa, ƙanena hannunka yana da kyau amma ba ka tsallaka titi ba. Ya sa ni na tsaya can nesa inda mai wucewa yake tsayawa, na kalli aikina. Wallahi jaki ne. Shi kuwa ya zana ƙaton almakashi fari a kan shuɗi, da keke wanda ko akuya ta gani ta san keke ne, da kalma ɗaya tak: TELA. Aiki ya dawo sannu a hankali.

Amma sunan bai tafi ba, kuma shi ke ƙona mini rai. Abokan nan da suka rantse mini su ne farkon masu yi mini kukan jaki a makaranta. Mutumin da ya yi shekara talatin ana kiransa Malam da girmamawa, yau daga Dutsin-Ma har kasuwar Kurfi in ba ka ce Tela Mai Jaki ba, ba wanda zai nuna maka shagonsa.

Don haka masu ƙananan sana'o'i, allon shago fuskarku ce, kada ku miƙa ta ga ɗan gida don araha, araha ba ta ado. Ku nemi mai yin tambaya kafin ya taɓa fenti. Ku kuma samari irina, in abokai suka fara rantsuwa a kan aikinku, ku tsallaka titi ku duba da kanku. Juma'ar da ta wuce a bakin masallaci wani ya ɗaga murya ya gaida Baba da sunan nan. Baba ya amsa da fara'a, sannan ya juyo ya dube ni. Na gwammace bulala goma sha biyun.