Shekarun Kwamfutar Makarantarmu

Kwamfutar da na yi aiki da ita a makarantarmu ta Ƙofar Na'isa kyautar wani kansila ce, tun farkon komawar mulki hannun farar hula. Ni ne magatakardan makarantar. Aibinta guda ne: tsohuwar manhajar da ke tafiyar da ita ba ta san harufa masu ƙugiya ba, sai dai in bi su da biro bayan an buga. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni aka raba takardar taro ban duba ba, 'yan siyasar da muka gayyato suka ga an rubuta su "manyan baki".

Shugabar makaranta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, ko a sa mata sabuwar manhaja, ko 'yan gwangwan su ɗauke ta."

Na kai ta wurin wani mai gyara a Ƙofar Wambai. Yana zura faifan sabuwar manhajar, saƙo ya fito cewa na'urar ta tsufa, ba ta cancanta ba. Raina ya ɓaci. Ta yaya za a yanke mata hukunci alhali ba a gwada ta ba?

"Mai sauƙi ne, Baba," in ji mai gyaran. "Rage mata shekaru za mu yi. Mu rubuta mata lambar wata sabuwa, ta wuce. Ai ku ma'aikata kuka koya mana."

Na gaya masa tsawon aikina ban taɓa sauya wa kowa ranar haihuwa ba, har da surukina da ya daina gaishe ni saboda haka.

"To, Baba, ƙarfen nan kotu za a kai shi?"

"Nemo hanyar da ba za ta yi ƙarya ba."

Ya yi tsaki, ya ce ana iya tsallake tambayar shekarun nata gaba ɗaya, amma gargaɗi zai zauna a kusurwar allo, kuma za ta yi nauyi. Na ce gargaɗin gaskiya ya faɗa, a bar shi.

Sai bayan la'asar kwamfutar ta tashi, fankarta tana kuka. Na buga sunan unguwarmu, Ƙofar Na'isa, ƙugiyar ta fito tsaf.

Washegari shugaba ta tsaya a bayana, ta nuna rubutun kusurwar, ta tambayi ma'anarsa. Na ce cewa yake yi ta tsufa.

Ta gyara tabarau. "To, a bugo mini jadawalin jarrabawa kafin a tashi."