Bangon da Muka Haɗa da Maɗinki

Maƙerata a kasuwar Birnin Gwari bango ɗaya ta haɗa da rumfar wani tsohon maɗinki. Ni ina ƙera fartanya, shi yana yi wa rigunan fatake aiki da allura. Murhuna a jikin bangon yake, shi kuma kullum a jingine yake ta bayansa.

Tsohon nan akwai mita. Yau hayaƙin gawayina ya shiga masa ido, gobe ƙarar guduma ta hana shi lissafin zare. Ni kuwa Allah bai ba ni dogon haƙuri ba. Ran nan ya ce na ɓata masa farar riga, na fusata, na rushe murhun na mayar da shi can bakin ƙofa. Har ina jin na yi maganinsa.

Sai marka ta sauka, irin wadda ke tasowa daga dajin Kamuku ta kwana uku rana ba ta leƙo ba. Kwana biyu rumfarsa a rufe. A na uku ya zo, na leƙa don in ji da me zai tsokane ni. Na tarar yana fama da allura, zare ya ƙi shiga, yatsunsa sun ƙage. Ya miƙa hannu baya ya shafa bangon, ya janye. Rigar wani bafatake na kan cinyarsa, ayari kuma jibi zai tashi.

Sai a lokacin na gane. Shekara da shekaru zafin da nake zubarwa a banza shi ke sake masa yatsu, girman kai ne ya hana shi faɗa. Kunya ta kama ni sosai.

Na koma maƙerata. Na kwaɓa ƙasa na mayar da murhu inda yake, na kuma huda ƙasan bangon na saka tsohuwar tukunya, don ɗumi ya ratsa har ƙarƙashin mazauninsa. Washegari na zuba gawayin ƙirya na kama zugazugi.

Da hantsi na ji tari ta bayan bango.

"Maƙeri, hayaƙin nan naka shi zai kashe ni."

"Yi haƙuri, Baba."

Na leƙa. Bayansa na jikin bango, zare ya shiga allura.