Waƙar Jaki Mai Laima

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba muka sauka unguwar Kalley a Yamai, inda babana ya kafa keken ɗinkinsa. Kakata, Iya Tabawa, ta biyo mu daga ƙauyenmu na Adar, ba don tana son Yamai ba. Bayan sallar isha'i takan jawo murhun gawayi bakin ɗakinta mu kewaye ta, har da 'ya'yan maƙwabtanmu Zabarmawa da Hausarsu ta kasuwa.

A shekarar ne aka kawo wani fim na zane a silimar unguwa, wadda ko rufi ba ta da shi. Jaki ne riƙe da laima, yana rawa yana waƙa da Faransanci. Kaɗan daga cikinmu suka gan shi da ido, amma waƙar ta gama gari. Gidan rediyo ya ɗauka, direbobi suna yin ta da fito, mata suka sa mata kalmomin Zabarmanci suna daka da ita. Ni kuwa ina aji uku a lakwal, makarantar boko, ina tsintar rabin kalmomin, sai na riƙa jin kamar tawa ce.

Ran nan na gayyato ƙawayena biyu na lakwal. Iya ta ɗauko tatsuniyar marainiyar da saniyarta ta ɓace cikin garken wani attajiri. Attajirin ya ce in tata ce, ta kira ta. Yarinyar ba ta da wata shaida sai waƙar da uwarta ke yi lokacin tatsa. A nan ne Iya kan lumshe ido ta rera, mu amsa. Muryarta ta tsufa, tana rawa. Na ga ƙawayena sun haɗa ido suna danne dariya, sai na ji kamar in nutse. Da aka zo amshi, na ɗaga murya na sako waƙar jaki. Yaran duk suka bi ni, har da tafi.

Iya ta jira muka gama. Ta gyara garwashi da tsinke, ta ce, "To, saniya dai ta fito. Ku je ku kwanta."

Ba ta bar tatsuniya ba, amma in an zo wurin waƙa sai ta ce, "Ta yi waƙarta," ta wuce. Yaran suka fara raguwa.

Wata Alhamis, ranar da ba lakwal, na same ta tana kaɗi, tana gunguni da waƙar jakin, duk ta karkace ta. Ta ce, "Hadiza, zo ki gyara mini bakin nan na Nasara. Ko na sa shi a bakin marainiya, yaran nan su dawo."

Na ce, "Iya, ba za ki iya ba." Na fita wasa.

Kafin damina, Iya ta koma Adar. Can ta rasu.

Na daɗe ina ɗora wa silima laifi, ina cewa ai ƙuruciya ce. Amma waƙar ba ta yi wa kowa komai ba. Daɗi gare ta, har yau in aka sa ta wurin biki tsofaffi irina sukan taka. Iya ma ba ta ƙi ta ba. Tsohuwa ce ta ajiye girmanta ta zo ta zama ɗalibata, don kawai a ci gaba da zama gabanta, ni kuwa na hana ta. Daga baya na zama malamar lakwal a unguwar Lazaret, na koyar har gashina ya yi fari. Ban taɓa ce wa ɗan kowa ba zai iya ba. Ita kaɗai na faɗa wa.