Ranar da Baba Ya Fito Yanke Wayar Mai DJ

Da aka sa ranar auren autarmu, kowa a gida aka ba shi aikinsa. Yayarmu ta ɗauki kayan ɗaki, ƙanen Baba ya ɗauki abincin baƙi, ni kuma aka ɗora mini neman mai DJ, wai don ni malamin makaranta ne, na san zamani. Gaskiyar magana, aikin da kowa ya guje wa ne aka lallaɓo aka ajiye a gabana.

Dalilin gudun kuwa Baba ne. Mu mahauta ne kaka da kakanni, rundawa kamar yadda ake ce mana a Jega, kuma Baba da kalangu a kunne ya girma. A wurinsa kiɗa shi ne mutum ya rataya kalangu, ya yi gumi, ya dube ka ido da ido ya kaɗa maka. Akwatin da ake latsawa ya yi ta ihu shi kaɗai kuwa, ko sunansa ba ya son ji. Ranar da Inna ta gwada masa maganar yana zaune a tsakar gida yana wasa wuƙa, bai ko ɗago kai ba.

"In naj ji wanga abu ƙohwar gidana, da wuƙag ga zan yanke wayatai."

Baba ba ya faɗa ya fasa. Auta kuma ta riga ta cika baki a gaban ƙawayenta da dangin angon na Aliero cewa za a yi wuni da DJ bayan la'asar. In aka fasa, gori. In aka fara Baba ya tarwatsa a gaban dangin miji, gorin har jikokinta. Ta same ni a ɗakina ta yi kuka shaɓe-shaɓe. Yarinyar nan ni na riƙa kai ta makaranta a kan keke, ba na iya ganin hawayenta, ita ma ta san haka, shi ya sa ta kawo mini su.

Na fara da masu DJ na cikin Jega. Na yanke wa kaina cewa kowa zan gaya masa gaskiya, don kada a raba ni da mutum a gaban alƙali. Na farko a Sabon Gari yake, na same shi da baƙin gilashi a cikin shago mai duhu. Ya yi mini rantsuwa cewa in ya kunna kayansa a nan sai an taka rawa a Maiyama. Na ce madalla, na faɗa masa ɗan wane ne ni da abin da tsohon ya ce. Ya cire gilashin ya dube ni da kyau, sai ya tuna yana da wani biki a ranar. Ban kuwa gaya masa ranar ba tukuna.

Wani ya yarda zai zo, amma a ƙarshen layi zai kafa kaya, kuma mai Keke Napep ɗin da ya kawo shi ba zai kashe inji ba har a tashi. Kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya gama gari, duk shagon da na dosa sai in tarar mai shi ya fita yanzu-yanzu. Na hau kabu-kabu na nufi Aliero, inda nake zaton sunan Baba bai kai ba.

Wanda aka kwatanta mini a can, a gonar albasa na same shi yana ban ruwa, taɓo har gwiwa. Ba shi da gilashi, ba shi da askin 'yan ƙwallo. Sifikokinsa na ɗaki ɗaya da buhunan albasa, warin ya kama su. Raina ya ba ni in juya, amma kuɗin kabu-kabu ya riga ya fita, sai na zayyana masa komai. Bai yi dariya ba, bai kuma tsorata ba. Ya goge hannu a wando ya ce:

"Tsohon ga barunde na? To mi at takenai?"

Take shi ne kiɗan da makaɗi ke ware wa mutum ɗaya, nasa shi kaɗai, ko daga barci ya ji shi ya san da shi ake. Ni ɗan gidan ban taɓa tunanin Baba na da shi ba. Mutumin ya ce kakansa makaɗi ne, kuma tun yana yaro ya ga yadda manyan mutane masu taurin kai ke narkewa in an taɓa musu take. Ya ce in samo masa na Baba a waya, sauran aikin nasa ne. A bakin gonar albasar nan na ɗauke shi aikin, ban ko nemi jin ƙarar kayansa ba.

Inna ce ta san makaɗin da ke kaɗa wa Baba takensa a da. Ta ce ya tsufa, ya koma ƙauyen Karaye, nan kusa da mu, wajen ɗansa. Ta rufe baki da gefen zane tana dariya, ta kuma gargaɗe ni cewa ita ba ta ji komai ba, ba ta ga komai ba.

Na tarar da tsohon makaɗin a gindin bedi, hannunsa na rawa ko goron da na kai masa da ƙyar ya karɓa. Da na ambaci Baba sai ya washe baki.

"Wanga ja'iri shina nan da rai?"

Daga bakinsa na ji cewa Baba, wannan da ke yi mana faɗa in mun yi dariya da ƙarfi, ya yi hawan ƙaho a ƙuruciyarsa, ya rungumi kan bijimi a tsakiyar kasuwa mata na guɗa. Aka sauko da kalangun daga rataye. Yana matse shi a hammata rawar hannun ta ɗauke. Ya kaɗa taken Baba, na ɗauka a waya, har da tarinsa da kukan wata akuya da ta ƙi yin shiru.

Ranar wuni aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka kai janareta can bayan katanga. Matan Aliero suka cika kujeru, auta na tsakiya an yi mata kwalliya kamar ba ita ba. Mai DJ ya sa waƙar farko a hankali. Na zuba wa ƙofar gida ido, don na san Baba na cikin zaure. Ba a yi rabin waƙar ba sai ga shi, hula a goshi, wuƙa tsirara a hannu, yana bin waya da ido don ya ga inda zai fara. Wata gwaggon ango ta tattara zane ta yi bayan rumfa da takalmi ɗaya. Na dubi mai DJ, na ga yana jira kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Sai da Baba ya sunkuya ya kama wayar sannan ya latsa.

Kalangu ya tashi. Baba ya tsaya a sunkuye. Na ga kafaɗarsa ta motsa, sannan ƙafar dama. Ya saki wayar ya miƙe, ya leƙa bayan sifika yana neman tsohon makaɗinsa. Babu kowa sai akuyar Karaye da ke kuka daga cikin sifikar. Kafin ya gane an yi masa tarko jikinsa ya riga ya ci amanarsa. Ya ɗaga wuƙar sama ya kece da kirari, mai DJ ya yi wuf ya kai masa makirufo baki. Da Baba ya ji muryarsa ta cika unguwa, sai ya ƙwace makirufon gaba ɗaya.

Tsofaffin mahautan layinmu suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa na tambayar ina nasa taken. Na Baba ne kawai aka ɗauko, sai aka yi ta maimaita shi, har matan Aliero suka haddace inda tarin yake suna yi tare da shi. Auta na harara ta daga cikin mayafi, don la'asar na tafiya ba a sa mata ko waƙa ɗaya cikakkiya ba. Ni kuwa dariya ta hana ni tsayuwa.

Baba na cikin zuba kirari, sai ni mai kama bijimi da hannu, sai ni wanda Jega tag gani, sai idonsa ya faɗa kan auta. Ina jin sai a lokacin ya gan ta sosai, da lalle a hannu, mutanen da za su tafi da ita gobe sun kewaye ta.

"Sai ni uban auta," ya ce. "Sai ni uban..."

Muryar ta tsaya, makirufon kuma bai rufa masa asiri ba, kowa ya ji yadda ta karye. Dariyata ta koma ciki. Ya miƙa mini wuƙar, ya mayar wa mai DJ kayansa.

"Yi ma ɗiyata kiɗinta, yaro."

Ya juya ya shige. Auta ta yi rawarta har kusa da magariba, kwalli na bin kumatunta.

Da na leƙa zaure don mayar masa da wuƙar, na same shi zaune ya ba ƙofa baya, yana goge fuska da hannun riga. Bai waiwayo ba. Ya ce in ja masa ƙofa, hayaƙin janaretan nan ya dame shi a ido. Janaretan na can bayan katanga, ko warinsa ba ya zuwa zaure. Na ajiye wuƙar a gefensa, na ja masa ƙofar.